Burodin Kanti a Kicin: Tambayoyi da Amsoshi kan Gashi, Ajiya da Sarrafawa

Yawancin burodin da ake ci a gidaje saye ake yi, amma da zarar ya shigo kicin, gyaruwarsa da lalacewarsa suna hannun mai girki. Kusan duk tambayoyin da ke ƙasa a kan abu biyu suke juyawa: ruwan da ke cikin burodi, da irin zafin da aka ba shi. Duk inda aka ambaci digiri, ma'aunin Salsiyos ake nufi.

Burodi na cikin leda a ɗaure tam, amma bayan kwana biyu sai ya yi tauri. Ta ina iska ta shiga?

Ba iska ba ce. Mafi yawan abin da ke cikin fulawa sitaci ne. A zafin obin, sitacin nan yakan sha ruwa ya kumbura ya yi laushi, wannan ne taushin sabon burodi. Yana fara hucewa sai ƙwayoyin sitacin su soma jeruwa suna ƙanƙame juna, ruwa kuma ya riƙa ƙaura daga tsakiya zuwa ɓawo. Shi ya sa tsohon burodi yake da aibi biyu a lokaci guda: cikinsa ya yi tauri yana marmashewa, ɓawonsa kuma da ke ƙaras-ƙaras ya koma kamar fata. Yawancin ruwan yana nan bai tafi ba, wuri kawai ya sauya.

Mai, sukari, ƙwai da madara suna jinkirta wannan. Burodin da aka yi da fulawa, ruwa, gishiri da yis kaɗai, irin dogon nan na Faransa, yini guda ya ishe shi ya zama sanda. Mai zaƙi da maiƙo kuwa sai ya kwana uku yana lotsuwa.

To a saka shi a firij?

Firij ne wurin da burodi ya fi saurin tsufa. Sanyin digiri 4 ko kusa da haka shi ne daidai yanayin da sitaci ke son ƙanƙamewa, don haka kwana ɗaya a firij kan yi masa abin da kwanaki za su yi a ɗaki. Amfani ɗaya firij yake da shi: yana jinkirta fumfuna. In ɗaki na da zafi da laima, kuma an san gasawa za a yi kafin a ci, babu laifi, tunda gashi zai mayar da taushin. Amma burodin da za a ci haka nan, a bar shi a inuwa cikin ledarsa, nesa da murhu da hasken rana.

Firiza fa?

Wannan ita ce ajiya ta gaskiya, domin a digiri 18 ƙasa da sifili tsufan yana tsayawa kusan cak. Sai dai a kiyaye abu uku. A saka shi ranar da aka saya; firiza ba ta gyara tsoho, yadda aka ba ta haka take mayarwa. A yanka shi kafin a daskarar, don a riƙa ɓallo abin da ake buƙata. A matse iskar cikin ledar kafin a ɗaure. Zai kai wata uku da kyansa, bayan nan sai ya soma ɗaukar warin firiza, gefensa ya yi fari ya bushe.

Yanka ɗaya ko biyu, daga firiza kai tsaye a jefa su tosta, wato injin gasa yankan burodi, a ƙara kamar minti ɗaya. In dunƙule ne, a bar shi ya saki a cikin ledarsa a rufe. Ƙanƙarar nan da ake gani a jikin leda ruwan burodin ce, in an bar shi zai sake tsotse wani abu daga ciki.

Akwai yadda za a farfaɗo da wanda ya riga ya yi tauri?

Akwai, muddin bai yi fumfuna ba. Idan zafin tsakiyarsa ya wuce digiri 60, sitacin da ya ƙanƙame yakan saki. A yayyafa ruwa a ɓawon dunƙulen burodi har ya jiƙe, a saka a obin mai digiri 180 na minti 8 zuwa 10. Ruwan zai zama tururi ya ratsa ciki, ɓawo kuma ya sake bushewa. In ɓawo mai laushi ake so, a naɗe shi da foyil, wato takardar alminiyom ta girki. Amma a ci cikin awa ɗaya ko biyu, don in ya sake hucewa taurinsa ya fi na farko, tunda wannan karon ya yi asarar ruwa da gaske.

Maikirowef ba ta dace da burodi ba. Daƙiƙa 10 zuwa 15 za su tausasa shi, amma yana hucewa sai ya zama roba.

Me ke sa gasasshen burodi ya yi ja da ƙamshi, kuma wane iri ya fi gasuwa?

Haɗuwar sukari ce da sinadaran furotin a ƙarƙashin zafi. Wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana ta a 1912, kuma da sunansa ake kiranta. Ba ta kankama sosai sai zafin fuskar burodi ya kai wajen digiri 140. Ga inda sirrin yake: muddin fuskar na da ruwa, zafinta ba zai wuce digiri 100 ba. Dole ta bushe tukuna. Wannan ne ya sa za a ga burodi ya daɗe fari fat a kan wuta, sai a ɗan juya baya a dawo a tarar ya yi baƙi. Lokacin bushewa ne mai tsawo, na yin ja gajere ne.

Saboda haka burodin jiya ya fi na yau gasuwa daidai. Mai sukari da madara yana saurin ja, sai a rage masa wuta. Na cikakkiyar alkama, wadda ba a cire dusarta ba, ya fi nauyi da danshi, yana son ƙarin lokaci, kuma da yake dama launinsa ja ne, da hanci ake gane ya yi, ba da ido ba. Kauri ma na da tasiri: yanka mai santimita ɗaya da rabi zuwa biyu yakan ba da waje mai ƙaras-ƙaras da ciki mai laushi, siriri kuwa yakan bushe ƙayau gaba ɗaya.

Ba ni da tosta. Ya zan yi?

Kasko mai kauri ya wadatar, wasu ma sun fi son nasa. A ɗora shi a matsakaiciyar wuta ba mai, ya yi zafi, a shimfiɗa burodin, a ɗan danna shi da bayan cokali don duk fuskar ta taɓa ƙarfe. Kamar minti biyu kowane gefe. In da bota za a yi, a shafa ta a jikin burodin, ba a kaskon ba, a kuma rage wuta, don ɓurɓushin madarar da ke cikin bota yana saurin ƙonewa ya bar ɗaci. A obin kuwa a kunna wutar sama, a ajiye burodin kamar santimita 10 a ƙarƙashinta. Minti ɗaya zuwa biyu ne, kada a bar wurin.

Lambobin jikin tosta mintoci ne? Kuma me ya sa zubi na biyu ke ƙonewa?

A yawancin tosta lambobin matakai ne kawai na tsawon lokaci, kuma 3 ɗin wannan kamfani ba 3 ɗin wancan ba ce. Zafin wayoyin ciki ɗaya ne, daɗewar ce ke sauyawa. Irin wadda ke cillo burodi da kanta, Charles Strite ne ya sami rajistar ƙirƙirarta a Amurka a 1921, kuma manufarta tun farko ita ce ta kashe wuta ba sai an tsaya a kanta ba. Zubi na biyu yana samun injin da zafinsa, don haka a sauke lamba ɗaya. In gefe guda ne kullum ke fita fari, a leƙa ciki tana kunne: wayar da ba ta yi ja ba ta tsinke.

Abin da bai kamata a yi wasa da shi ba: in burodi ya maƙale, a zare filogi daga bango kafin a taɓa, kuma kada a cusa wuƙa ko cokali mai yatsu. Kada a saka burodin da aka riga aka shafa wa bota ko cuku a tosta mai tsaye, zai ɗiga kan wayoyi. A riƙa zazzage farantin ɓurɓushi da ke ƙasa duk mako. Tarin nan ne ke kawo hayaƙi, wani lokaci har wuta.

Yana fitowa da ƙaras-ƙaras, kafin in kai baki ƙasansa ya jiƙe.

Tururinsa ne ya koma masa. Burodi mai zafi na fitar da tururi, in aka kwantar da shi a faranti mai sanyi sai tururin ya zama ruwa a ƙarƙashi. A jingina yanka biyu da juna a tsaye na rabin minti, ko a ɗora a kan raga. Bota kuma zaɓi ne: a shafa nan take ta nutse ciki ya yi laushi, ko a jira minti ɗaya ta zauna a sama. In za a ɗora tumatir ko wani abu mai ruwa, a fara shafa bota har gefe-gefe, maiƙon ne ke tare ruwan.

Da gaske ne ƙonannen burodi na kawo sankara?

Ga abin da aka sani. A 2002 masu bincike a Suwidin suka gano wani sinadari, akirilamaid, a cikin abinci mai sitaci da aka gasa ko aka soya da zafin da ya haura digiri 120. Yawansa na ƙaruwa gwargwadon duhun gashin. Ya haddasa sankara a dabbobin gwaji da aka ba shi da yawa, amma binciken da aka yi kan mutane bai nuna alaƙa bayyananna da adadin da ake ci a abinci ba. Duk da haka, a 2017 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a su tsaya a launin zinare. Shawara ce mai sauƙin bi, kuma dama nan ɗanɗano ya fi. Wanda ya ɗan ƙone a kankare, wanda ya zama gawayi a zubar.

Fumfuna ta fito a yanka ɗaya. In cire shi in ci sauran?

A'a. Tabon kore ko baƙi ko fari da ake gani kan abin ne kawai. Zaruruwansa sun riga sun ratsa ciki, domin burodi duk ramuka ne, ba kamar cuku mai tauri ba da ake iya yanke wurin. Wasu nau'o'in fumfuna na fitar da guba, gashi kuma ba ya kashe ta. A zubar da ledar gaba ɗaya, kada a shinshina, a goge mazubin da ruwan binega a bar shi ya bushe.

Akwai wata lalacewar da ba a cika sani ba, wadda ke zuwa lokacin zafi. Waje lafiya lau, amma in an ɓara sai a ga tsakiya ta yi danƙo tana jan zare, da wari kamar na 'ya'yan itace da suka nuna suka zarce. Ƙwayoyin bakteriya ne da suka tsira daga zafin obin. Shi ma na juji ne.

Me ya sa burodin leda ke daɗewa fiye da na gida? Me zan duba a rubutun jiki?

Manyan masana'antu na zuba abin hana fumfuna, galibi wanda ake rubutawa E282, da masu riƙe taushi irin E471, wani lokaci da bitamin C, wato E300, don ƙarfafa kwaɓi. Saida burodi a yanke ya fara ne a 1928 a garin Chillicothe na jihar Missouri ta Amurka, da injin Otto Rohwedder, kuma yankan ne ya sa naɗewa ta zama dole, don yankakke ya fi saurin bushewa.

Jerin kayan haɗi ana rubuta shi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. In ana neman na cikakkiyar alkama, ita ya kamata ta zo farko. Launi ba hujja ba ne, domin akwai burodin farar fulawa da aka rina da ƙonannen sukari. A kuma duba gishiri, burodi na ɗauke da shi fiye da yadda harshe ke ji.

Burodin da ake tsomawa a ƙwai da madara kullum yana fito min jagab a ciki, waje a ƙone.

Faransawa na kiransa pain perdu, wato ɓataccen burodi, kuma sunan ya faɗi sharaɗin farko: tsoho ake so. Sabo ya riga ya ƙoshi da ruwa, yana shan haɗin sai ya narke. In sabo kaɗai ke akwai, a busar da yankan a obin mai digiri 150 na minti 8 zuwa 10.

Ga awo na yanka huɗu masu kaurin santimita biyu: ƙwai 2, madara mililita 120, sukari babban cokali 1, ɗan gishiri, kirfa rabin ƙaramin cokali. A kaɗa sosai har farin ƙwan ya ɓace, in ba haka ba za a ga soyayyen ƙwai manne a gefe. Burodi mai laushi daƙiƙa 15 zuwa 20 kowane gefe ya ishe shi. Mai nauyi zai iya shan minti ɗaya. A ɗaga a bar rarar ta tsiyaye.

Kuskuren da ya fi yawa wuta ce. Sukari da madara na saurin ja, ƙwan ciki kuwa sai ya kai wajen digiri 71 yake kamawa. Don haka wuta ƙasa da matsakaiciya, bota haɗe da ɗan man girki don kada ta ƙone, minti 3 zuwa 4 kowane gefe. Alamar nuna: tsakiya ta ɗan tasa, in an danna da yatsa ta dawo ba ruwa. A goge kasko tsakanin zubi da zubi.

Ta yaya ake garin burodi, kuma me ya sa yake zubewa daga jikin abin da na soya?

A gutsuttsura tsohon burodi, a baza a tire, a busar a digiri 130 kamar minti 20 zuwa 30 har ya riƙa karyewa, ba tare da ya yi ja ba. Ya huce sarai kafin a niƙa ko a daka, sannan a zuba a kwalba busasshiya. In aka rufe shi da ɗumi zai yi gumi ya yi fumfuna.

Zubewa kuwa daga tsallake mataki take. A tsane kaza ko kifi da kyau, a birkiɗa a fulawa a kakkaɓe, a tsoma a ƙwai, sannan gari, a danna da tafin hannu. Fulawa ce ke kama jikin nama, ƙwai ya kama fulawa, gari ya kama ƙwai. A bar shi minti 15 kafin suya. Mai ya kai digiri 175. In ya gaza sai garin ya sha mai ya saɓule.

Me ya sa ake saka burodi a niƙaƙƙen nama?

Ba don a ƙara auki kaɗai ba. Yanka biyu marasa ɓawo a jiƙa da madara mililita 80, a dame, a haɗa da nama rabin kilo. Sitacin na riƙe romo, yana kuma shiga tsakanin zaren naman ya hana su ƙanƙancewa, sai ƙwallon naman ya fito da taushi.

Burodin tafarnuwa fa?

Bota mai laushi giram 100, tafarnuwa ƙwaya 3 ko 4 a daka lukui, gishiri kaɗan, da yankakken ganyen fasili in akwai. A tsattsaga dogon burodi ba tare da an raba shi ba, a cusa haɗin, a naɗe da foyil, digiri 190 na minti 10, sannan a buɗe a ƙara minti 5. In aka gasa a buɗe tun farko, tafarnuwar ce za ta ƙone ta yi ɗaci kafin ciki ya ɗumama.

Sanwicin cuku: burodi ya yi ja, cuku bai narke ba.

A goga cukun maimakon a yanka shi da kauri, a fito da shi daga firij da wuri, a rage wuta, a rufe kaskon a minti biyun farko. Murfin na tara zafin da zai narkar da shi. A buɗe daga baya don ɓawo ya bushe.

Na sayi daskararren kwaɓi mai ninki-ninki, amma bai tashi ba.

Wannan kwaɓin ba yis ke tayar da shi ba. Siraran shimfiɗu ne na kwaɓi da mai, ɗaya bisa ɗaya. A zafi ruwan ciki ya zama tururi ya ɗaga kowace shimfiɗa. Duk abin da ya narkar da man kafin a shiga obin ya kashe aikin. A bar shi ya saki a firij dare guda, ba a kan tebur ba. A yi aiki da sauri, in ya fara laushi a mayar firij minti 15. A yanka da wuƙa mai kaifi a danna ƙasa kai tsaye, don dakusasshiya na liƙe bakin shimfiɗun. Ƙwan da ake shafawa a sama kada ya gangara gefe, shi ma liƙewa yake yi. Obin ya riga ya kai digiri 200 zuwa 220, kuma kada a buɗe ƙofa a minti 15 na farko. Abin da za a cusa ciki ya huce, ya kuma zama marar ruwa.

Kurwasan, donot da kek na kanti: ya ake ɗumama su da ajiye su?

Kurwasan, wato burodin bota mai ninki-ninki da siffar jinjirin wata, na son obin, digiri 170 na minti 4 zuwa 5. Donot ne kaɗai ke jure maikirowef, daƙiƙa 8 zuwa 10, a ci nan take. Kek marar kirim ya zauna a rufe a ɗaki, a manna leda a fuskar da aka yanka. Duk mai kirim na madara, kwastad ko cuku na firij ne, kada ya wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi awa ɗaya. A fito da shi minti 20 kafin ci, don bota mai sanyi ba ta da ɗanɗano.

Ragowar burodi ta taru da yawa. Wane abu ɗaya zai cinye ta?

Fudin, wato burodi jiƙaƙƙe da madara da ƙwai a gasa. Burodi giram 300 a yanka ƙanana, madara rabin lita, ƙwai 3, sukari giram 80, narkakkiyar bota babban cokali 2, kirfa, da busasshen inabi in ana so. A haɗa a bar shi ya jiƙa minti 20 zuwa 30, ana dannawa lokaci-lokaci. In aka yi gaggawa za a ci karo da busassun gutsattsari a tsakiya. Inabin a tura shi ƙasa, wanda ya tsaya a sama ƙonewa yake yi. A gasa a digiri 170 na minti 35 zuwa 45. A cire lokacin da tsakiya ke ɗan rawa in an girgiza kwanon amma wuƙa na fitowa ba ruwan madara, zafin jikinsa zai ƙarasa. In aka ga ruwa ya kwanta a ƙasa, wuta ta yi yawa har ƙwan ya tsinke, sai a rage digiri 10 a karo na gaba, ko a ɗora kwanon cikin tire mai ruwan zafi.